Don Allah a taimaka: ESP32 na ta jefo min -8576, me wannan lamba take nufi ne?

dan_bohol:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu wasa da ESP32 (ɗan ƙaramin bodin kwamfuta mai Wi-Fi) ku agaza min, yau kwana uku ina kan abu ɗaya har kaina ya fara zafi. Firojek ɗina ne na ajin ƙarshe, na haɗa 'yar na'ura mai auna ruwan cikin tanki, in ya kusa ƙarewa ta tura saƙo ta MQTT (hanyar da ƙananan na'urori ke aika saƙo ta intanet) a kunna famfon bohol. Lokacin da nake turawa ta port 1883 wanda ba a ɓoye saƙo a cikinsa komai sumul yake tafiya, sai sufabaiza ya ce shi fa ba zai karɓi abin da ke yawo tsirara a intanet ba, sai na saka TLS mai ɓoye saƙo na koma port 8883. To na ɗauko satifiket ɗin CA (mai sa hannu a kan satifiket ɗin saba) na zuba cikin kod, ina kiran fankshin ɗin laburaren Mbed TLS mai karanta satifiket, wato mbedtls_x509_crt_parse, sai ta dawo min da -8576, shikenan, ba bayani ba komai, lamba kawai kamar ta katin waya. Na buga ta da %x kuma ta rikiɗe ta koma ffffde80. Sau huɗu ina sake sauko da satifiket ɗin. Saura sati biyu difens.

Malam_Hex:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, lambobin biyun da ka gani duk abu ɗaya ne. Mbed TLS da hex take rubuta lambobin kuskurenta kuma dukkansu ƙasa da sifili suke, shi ya sa in ka buga ret, wato lambar da fankshin ɗin ta dawo da ita, kai tsaye da %x kake ganin tulin f ɗin nan. Ka riƙa bugawa haka: printf("-0x%04x", -ret). Taka za ta fito -0x2180, in ka buɗe x509.h za ka same ta da sunan MBEDTLS_ERR_X509_INVALID_FORMAT. Turo mana layin da ka kira fankshin ɗin mu gani, ina da wanda nake zargi.

dan_bohol:
Ga shi malam
mbedtls_x509_crt_parse(&ca, (const unsigned char *)ca_pem, strlen(ca_pem));

Ummi_C:
Hhhh barka da zuwa ƙungiya, duk mun sha wannan ruwan. Saka strlen(ca_pem) + 1.

dan_bohol:
Anti +1 kawai?? Kwana uku fa

Ummi_C:
Ni sati guda na yi, har bodi na canza ina cewa na jabu aka sayar min, don haka kai ka ci riba ma.

Malam_Hex:
Abin da nake zargi kenan, Ummi ta riga ni. Amma bari in faɗa maka dalili don kada ya zama haddar da babu fahimta. Fankshin ɗin nan kala biyu take karɓa, PEM wato rubutun nan mai BEGIN CERTIFICATE, da DER wato ɗanyen bayit-bayit. Ba ka gaya mata wanne ka kawo, ita take canka. Yadda take cankar kuwa, sai ta leƙa bayit na ƙarshe na abin da ka miƙa mata, in sifili ne kuma ta ga layin BEGIN a ciki to PEM ne, in ba haka ba ta ɗauke shi DER. Shi kuma strlen ba ya ƙirga sifilin ƙarshen nan. Don haka ta ɗauki rubutunka a matsayin DER, ta je bayit na farko tana jiran 0x30 wanda shi ne tambarin SEQUENCE da kowane satifiket ke farawa da shi, sai ta ci karo da 0x2D wato karan ɗorin farko na -----BEGIN, nan take ta ce wannan ba tsarin da na sani ba ne. Satifiket ɗinka lafiyarsa ƙalau, ta ƙofar da ba tasa ba aka shigar da shi.

Kwamared_Linux:
Ni wlh abin nan na ba ni haushi. Tunda dai ta ga BEGIN CERTIFICATE ƙuru-ƙuru me zai hana ta ce ɗan'uwa ka manta sifilin ƙarshe? A'a sai INVALID_FORMAT, ka je ka yi ta zargin satifiket ɗin da bai ci ba bai sha ba. Mutum nawa wannan abu ɗaya ya ɓata wa dare a duniya. Wannan ba laifin dan_bohol ba ne, tsarin ne bai yi ba.

Ummi_C:
@Kwamared_Linux ai ba ta gani ba. Da strstr take neman BEGIN ɗin, shi kuma strstr sai ya ga sifili yake tsayawa, in ta sake shi a kan bafa mara sifili zai zarce ya yi ta karatu cikin memorin da ba nasa ba. Don haka sai ta tabbatar da sifilin kafin ma ta nema. Kuma an rubuta a bayanin fankshin ɗin a x509_crt.h cewa tsawon ya haɗa da sifilin in PEM ne. Mu ne dai ba ma karantawa, har da ni.

Kwamared_Linux:
Na ji, amma ai tana da tsawon a hannu, ta iya nema iya tsawon ta tsaya. Ban janye ba.

sharp_sharp99:
oga kana da difens kana bata lokaci, sa MBEDTLS_SSL_VERIFY_NONE ka cire satifiket din gaba daya ka huta. zai hadu kuma sufabaiza zai ga 8883 ya yi murna, wa zai bude kod ya duba

Baban_Khalifa:
Haba sharp_sharp, kada ka koya wa yaro wannan. Ka sa ƙofar ƙarfe ka bar makulli a jiki kenan. In ba ka tantance satifiket ba, duk wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da kai zai iya tsayawa a tsakani ya ce shi ne sabar, na'urarka ta yarda ta miƙa masa fasuwod ɗin MQTT a ɓoye cikin ladabi. Kuma abin kunna famfo ne fa, ba wasan yara ba, a ƙona maka sumo a banza. Irin wannan "na wucin gadi" shi ne ke zama na dindindin, na sha gani a wurin aiki.

sharp_sharp99:
to baba na tuba, shawara ce kawai

dan_bohol:
Na saka +1 ɗin, waccan ta tafi alhamdulillah, amma ana kukan targaɗe sai ga karaya. Yanzu -0x112C take ba ni, kuma na bincika duk fayilolin .h babu wannan lambar ko ɗaya. Ko dai na ɓata wani abu ne?

Malam_Hex:
Ba za ka same ta ba don ba lamba ɗaya ba ce, biyu ne aka tara. Wannan shi ne abin da in ka gane shi ka gama da rabin wahalar laburaren nan. Akwai lambobin manyan sassa irin su PEM, X509, PK, SSL, akwai na ƙananan sassa irin su ASN1 da BASE64. In ƙaramin sashe ya faɗi sai babban da ya aike shi ya ɗora tasa lambar a kai, su dawo maka a haɗe. Bit bakwai na ƙasa na ƙaramin ne, wato daga 0x01 zuwa 0x7F, sauran na babban. To raba taka: 0x1100 da 0x2C. Ta farko PEM_INVALID_DATA, ta biyu BASE64_INVALID_CHARACTER. Ma'ana yanzu ta yarda PEM ka kawo, ta ga kai ta ga ƙafa, amma a tsakiya akwai harafin da ba na Base64 ba. Ci gaba ka samu ba baya ka koma ba. Ɗauko hoton yadda ka rubuta satifiket ɗin a kod, na CA ba sirri ba ne, amma kada ka kuskura ka turo makullin sirri nan.

Sadiya_embedded:
Malam tsaya in gwada wannan darasi a kan tawa. Watan jiya na samu -0x21E2 na rasa gane ta har na haƙura na canza satifiket. Kenan 0x2100 ne da 0xE2? Na duba 0x2100 na ga UNKNOWN_OID, to amma 0xE2 fa babu ita ko'ina

Malam_Hex:
Yawwa Sadiya, kin faɗa ramin da kowa ke faɗawa, ido yana son ya raba lambar biyu-biyu. Bit bakwai na ce ba takwas ba. 0xE2 ta wuce 0x7F, don haka 0x80 ɗin da ke cikinta na babban sashe ne. Sai ta zama 0x2180 da 0x62, wato INVALID_FORMAT da ASN1_UNEXPECTED_TAG. Kin ga da kin bi 0x2100 da kin tafi farautar OID alhali ba ruwansa. Na ASN1 ɗin ba su da yawa, ni na haddace su don kullum sai sun zo: 0x60 bayanai sun ƙare ana tsakiyar karatu, 0x62 tambarin da aka tarar ba shi ake jira ba, 0x64 tsawon da aka rubuta ba ya karantuwa, 0x66 tsawon da aka faɗa bai yi daidai da abin da ke ƙasa ba, 0x68 abin cikin ne ya lalace, 0x6A memori ya ƙi samuwa, 0x6C bafar da ka bayar ta yi kaɗan. In na ga 60 ko 66 a wutsiyar lamba abin da na fara tambaya shi ne ko fayil ɗin ya yanke a hanya, musamman in da netwok mai tsinkewa aka sauko da shi.

Ummi_C:
Ko kuma ku bar na'ura ta yi muku lissafin, mbedtls_strerror(ret, buf, sizeof(buf)) za ta rubuto duka biyun da Turanci, sai dai MBEDTLS_ERROR_C ya kasance a kunne. A cikin kod ɗin laburaren ma akwai ɗan shiri a programs/util/strerror, ka ba shi lamba ya faɗa maka sunanta.

dan_bohol:
Wayyo Allah na gano. Kunya ma nake ji in faɗa. Da raw string na saka satifiket ɗin, to da na ga layukan sun manne a bangon hagu ba su yi kyau ba, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya na tura kowanne ciki da sarari huɗu don in sufabaiza ya duba ya ga kod tsaf-tsaf. Ashe kwalliyar ce ta ja min.

Ummi_C:
Hhhhhh wlh ka gama da ni. Garin neman gira.

Malam_Hex:
Ita ce. Mai warware Base64 na Mbed TLS yana haƙuri da sarari in a ƙarshen layi yake, yana haƙuri da \r\n irin na Windows, amma sarari a farkon layi ko tsakiyarsa kuskure ne a wurinsa. Mayar da su bango. Kuma tunda kana kan ESP-IDF (kayan aikin rubuta kod na ESP32) ni da za ka bi tawa, ajiye satifiket ɗin a fayil ɗinsa ka saka shi da EMBED_TXTFILES, shi da kansa yake ƙara sifilin ƙarshen. EMBED_FILES ba ya ƙarawa, in ka yi amfani da shi za ka koma gidan jiya wato -0x2180.

Dan_Sakkwato:
Ku ku ji daɗi da kuka da lamba guda. Mu da muka aiki da OpenSSL, wani laburaren TLS daban, layi guda za a jero maka kamar lambar mota. Ni wadda ta taɓa hana ni barci ita ce error:1E08010C:DECODER routines::unsupported a Node. Makullin sirri na saka cikin .env, a kwamfutata yana aiki, na ɗora a saba ya ƙiya. Ashe wurin da na liƙa shi ya mai da kowane sabon layi ya zan haruffa biyu, karan baya da n, duk makullin ya koma layi guda. Kalmar unsupported ɗin ce ta ɓad da ni, na zaci irin makullin ne ba a karɓa, na yi ta sabunta Node ina saukewa. Awa shida, maganin bai wuce replace guda ba.

Kwamared_Linux:
@Dan_Sakkwato ka ga abin da nake faɗa. Kafin OpenSSL 3.0 da ta fito a 2021 irin wannan matsalar "no start line" take cewa, ko banza ka san ka duba layin farko. Kuma lambar kanta canzawa take, 0906D06C a 1.0, 0909006C a 1.1.1, 0480006C a 3.0, duk kuskure ɗaya. Wanda ya rubuta kod yana gwada lambar dunƙule ya shiga uku ranar da aka sabunta.

Baban_Khalifa:
Ai shi ya sa aka ba ka ERR_GET_LIB da ERR_GET_REASON, ba a ce ka gwada dunƙulen ba. Ka lura 6C ɗin ƙarshe bai motsa ba a duka ukun da ka jero. Abin da ya fi cizon mutane a OpenSSL ma ba wannan ba ne, layin jira ne. Kurakuran taruwa suke a layi, ERR_get_error na ciro mafi daɗewa ne, in wani kira na baya ya bar nasa bai share ba kai sai ka zo ka ɗauki kuskuren wani ka yi ta bincike a inda ba a yi ɓarna ba. Misali in kana karanta satifiket da yawa daga fayil ɗaya da PEM_read_bio_X509, in ka kai ƙarshe "no start line" ɗin nan za ta fito, ba don wani abu ya lalace ba, haka take cewa na gama. In ba ka kira ERR_clear_error ba tana nan zaune tana jiran wanda tsautsayi zai faɗa wa.

maigyaran_POS:
Ni dai ba injiniya ba ne gyara nake yi, amma ina bin ku a hankali. Tambayata, me ya sa duk satifiket ɗin da na buɗe sai in ga ya fara da MII? Na ɗauka sunan kamfanin da ke yin su ne

Malam_Hex:
Hhh tambaya mai kyau oga. Ba kamfani ba ne. PEM ba komai ba ne illa DER da aka mayar rubutu da Base64, aka yanka layi-layi haruffa 64, aka sa masa kai da ƙafa. Asalin sunan ma Privacy-Enhanced Mail ne, don imel aka ƙirƙire shi tun farkon shekarun 1990, tsarin imel ɗin bai karɓu ba amma kwalin ya rayu. Shi kuma DER komai a cikinsa uku-uku ne, tambari, tsawo, sannan kayan. Tambarin farko 0x30. In tsawon bai kai 128 ba bayit ɗaya ya isa, in ya fi sai a fara faɗin bayit nawa tsawon zai ci, 0x82 na nufin biyu masu zuwa su ne tsawon. Yawancin satifiket sun wuce bayit 255, don haka 30 82 suke farawa, in ka mai da wannan Base64 sai ya ba ka MII. In kana son ka gani da idonka buga openssl asn1parse -in ca.pem, zai zazzage maka shi gaɓa-gaɓa, in akwai inda ya karye a nan zai tsaya.

maigyaran_POS:
Ikon Allah. Shekara nawa ina kallon abin nan. Ngd malam

Hajjo_sec:
Na zo a makare amma ina so in koma kan maganar Kwamared ta cewa laburare ya riƙa bayani dalla-dalla. A harkar ɓoye bayanai yawan bayani kansa rami ne. A 1998 Daniel Bleichenbacher ya nuna cewa in saba tana bambanta amsarta tsakanin saƙon RSA da cikonsa na PKCS#1 v1.5 ya yi daidai da wanda bai yi ba, mai hari zai yi ta aika mata gurɓatattun saƙonni yana kallon amsa har ya warware sirrin ba tare da ya taɓa ganin makulli ba. A 2002 Serge Vaudenay ya nuna irin haka a kan cikon CBC. Kuma kada ku ce tsohon zance ne, a 2017 masu bincike sun sake gwada na Bleichenbacher da sunan ROBOT suka tarar har lokacin yana cin manyan shafuka. Don haka in kun ga laburare na rowar magana wani lokacin da gangan ne.

Kwamared_Linux:
Hajiya da girmamawa, kin haɗa abu biyu. Abin da kika kawo gaskiya ne amma a kan warware ɓoyayyen saƙo ne, kuma a kan abin da kike mayar wa na waje. Mu muna maganar satifiket ɗin CA da kowa ke da shi, wanda mai kod ya saka da hannunsa, kuskuren kuma a allonsa zai fito. Wane sirri ne zai fita in an ce masa ka manta sifili?

Hajjo_sec:
Wannan na ba ka, a kan satifiket babu sirrin da zai zuba. Inda nake jan kunne shi ne masu ɗaukar ret ɗin nan ko wane iri ne su tura wa mai amfani a amsar API, har da na warware saƙo. Na gani da idona, an rubuto wa kowa "padding" kaza a fili. Rubuta cikakken a log ɗinka, na waje ka ba shi amsa iri ɗaya. Sannan shi karanta satifiket ɗin ma ba wurin sakaci ba ne, tun kafin a tantance sa hannu ake karanta shi, wato abin da baƙo ya miƙo ne kake tauna. A Maris 2022 an gyara wani kuskure a OpenSSL inda gurɓataccen satifiket ke sa shirin ya yi ta juyawa ba fita, a Nuwamban shekarar kuma aka fitar da 3.0.7 saboda ambaliyar bafa wajen karanta adireshin imel na cikin satifiket. Ni mai karatun da ke da tsauri ya ƙi abu ya fi min mai sauƙin kai da ke cankar abin da kake nufi.

Ummi_C:
Ni ina ga dalilin bai kai nan ba ma, wuri ne. An yi laburaren ne don ƙananan na'urori tun tana PolarSSL kafin ARM ta saye ta a 2014, kowane jimlar Turanci da ka ajiye filashi take ci. Lamba ɗaya a int kuwa kyauta ce. Shi ya sa ma aka bar MBEDTLS_ERROR_C a matsayin abin da za ka iya kashewa.

Kwamared_Linux:
To ai su ma sun gaji da tarawar, a Mbed TLS 4.0 sun daina dawo da jimlar lamba biyu, kowane kuskure da sunansa guda. Da tsarin ya yi daɗi da ba su taɓa shi ba.

Malam_Hex:
Sun daina, amma na'urorin da ke hannun mutane na kan 2.28 da 3.6 za su daɗe suna jefo mana irin -0x112C, don haka a koyi rabawar dai. Kuma ni ina jin zan yi kewar wutsiyar nan, ita ke gaya min a wane mataki aka faɗi.

Sadiya_embedded:
Wani abu da ba a ambata ba, mbedtls_x509_crt_parse na iya dawo da lamba sama da sifili. In ka ba ta PEM mai satifiket da yawa, wasu suka karantu wasu suka ƙi, adadin waɗanda suka ƙi take dawowa da shi. Ni na rubuta if (ret < 0) na wuce abina, ashe ta ce min 1, kuma wanda ya faɗin shi ne ainihin wanda nake buƙata. Sai can wajen haɗawa abin ya fashe da wata lamba daban.

Baban_Khalifa:
Haka ne. Ku ƙara da -0x2880 da -0x7F00, duk biyun memori ne ya ƙare, na farko a X509 na biyu a SSL. Mutum zai yi ta sake satifiket alhali kawai ya cika RAM da wasu tarkace ne kafin TLS ta samu na bafofinta, ita kuma rikod ɗaya na iya kai 16KB. Sai makulli, in kuka ga -0x3D00 ku fara karanta layin farko. BEGIN RSA PRIVATE KEY da BEGIN PRIVATE KEY duk tana ci, amma BEGIN OPENSSH PRIVATE KEY wanda ssh-keygen ke fitarwa tun OpenSSH 7.8 wani tsari ne daban ba ta san shi ba.

sharp_sharp99:
wai me zai hana mu fassara sakonnin nan da hausa mu sa a github, "tambarin da aka tarar ba shi ake jira ba" ai ya fi dadi

Ummi_C:
Ka fara mu biyo ka. OUT_OF_DATA kuma a sa "tuwo ya ƙare miya ta saura" hhh

dan_bohol:
Jama'a na dawo. Na mayar da layukan bango, parse ta dawo da 0, har na yi kabbara abokin ɗakina ya farka. Amma tsugune ba ta ƙare ba, yanzu wajen handshake, wato gaisuwar farko da saba, take faɗuwa da -0x2700. Na gwada rabawar Malam, wutsiya babu komai, kenan guda ce ko?

Malam_Hex:
Guda ce, kuma ka iya darasi. CERT_VERIFY_FAILED. Ka fita daga matsalar karatu yanzu, an karanta komai daidai, yarda ce ba a yi ba. Ita wannan ba ta faɗin dalili da kanta, kira mbedtls_ssl_get_verify_result ka ba mbedtls_x509_crt_verify_info abin da ta dawo da shi.

Dan_Sakkwato:
Agogo ne, na rantse. ESP32 in ta tashi tana zaton 1970 muke, satifiket kuwa bai fara aiki ba a lissafinta. Ga wutarmu da ba ta zama, duk ɗaukewa sai agogo ya koma farko. Saka SNTP mai saita agogo ta intanet kafin ka haɗa.

Ummi_C:
Kada ka rantse Dan_Sakkwato, ka yi kaffara a banza. A ESP-IDF duba ranar ƙarewar satifiket a kashe yake zuwa sai in mutum ya kunna MBEDTLS_HAVE_TIME_DATE a menuconfig da kansa. In bai taɓa wurin ba to ba agogo ba ne. Ni na fi zargin ya saka satifiket ɗin sabar a madadin na CA, ko kuma tsohon tushe ya kwafo daga wani tsohon darasi, har yau akwai masu yawo da DST Root CA X3 wanda ya mutu tun 30 ga Satumba 2021 alhali ISRG Root X1 ya kamata su saka in sabar na kan Let's Encrypt.

Dan_Sakkwato:
To na janye rantsuwa, amma ya saka SNTP ɗin duk da haka, zai buƙace shi.

dan_bohol:
Ban taɓa menuconfig ɗin nan ba gaskiya. Na buga abin da Malam ya ce, 0x0C ta ba ni. Sabar tawa ce Mosquitto a kan laftof, ni na haɗa CA ɗin da openssl ina bin wani bidiyo, kuma da IP nake haɗawa 192.168 kaza

Sadiya_embedded:
0x0C ai 8 da 4 ne, nan ma biyu ka kwaso. 0x08 ba a yarda da wanda ya sa hannu ba, 0x04 sunan da ke jikin satifiket bai yi daidai da wanda ka kira ba. Na 4 ɗin IP ɗin ne, me ka rubuta a CN da SAN, wato guraben sunan saba a cikin satifiket, lokacin da kake haɗa na sabar?

Baban_Khalifa:
Na 8 ɗin kuma ina zargin ya haɗa CA fiye da sau ɗaya yana gwaji, ya saka sabo a bodi sabar na riƙe da wanda tsohon ya sa wa hannu. Gwada a laftof tukuna, openssl verify -CAfile ca.pem server.pem, in bai ce OK a can ba kada ka wahalar da ESP32.

dan_bohol:
Baba kamar kana ɗakin, folda uku gare ni, certs da certs2 da certs_final. A CN kuma sunana na rubuta don na ɗauka sunan mai shi ake tambaya. An ɗauke wuta tun ɗazu laftof na kan kashi 6, da safe zan je shagon caji in goge duka in haɗa sabo guda ɗaya. SAN ɗin a wane fayil ake rubuta shi?

Sadiya_embedded:
A ɗan fayil ɗin da za ka ba -extfile lokacin sa hannu, layi ɗaya ne subjectAltName. Ka ba sabar suna ka saka DNS:sunan, ka kira mbedtls_ssl_set_hostname da wannan sunan daidai harafi da harafi, ya fi maka sauƙi a kan IP da hotspot zai canza maka gobe. In ka kunna ka taɓo ni in turo maka nawa ka kwafa.